Dakata da cin bashin nan, fara duba sektarka da wayar ƙasa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi tambayarka ta taɓa ni, domin duk wanda ya kafa dogon ƙarfe na eriya yana raba intanet a unguwa ya san ɗacin abin da kake ciki, ni ma na ɗanɗana. Ka ce kana da kwastoma 38 a kan sekta guda ta 5GHz, wato eriyar da ke saman ƙarfe tana watsa musu intanet, kana saro meg 50 (ma'aunin gudun intanet), da an idar da isha'i sai komai ya tsaya cak, ruwan farko kuma ya ƙona maka rediyo biyu da rami ɗaya na jona kebul a rauta, na'urar da ke rarraba layin. Yanzu kana shawarar cin bashi ka ƙaro meg, ka sayi babbar rediyo. Don Allah ka dakata da bashin nan tukuna.

Yau da dare, tsakanin ƙarfe 8 da 11, buɗe rautarka ta MikroTik ka zuba wa ramin da layin dillalin da kake saro meg a wajensa ke shigowa ido. Idan ka ga yana manne a 48 zuwa 50 bai sauka ba, to layin ne ya cika, a nan ƙarin meg yana da amfani. Idan kuwa bai wuce 25 ko 30 ba amma mutane suna ta kiranka, ko meg 200 ka saro ba abin da zai canza, domin a sama cutar take. Ina kyautata zaton haka za ka tarar. Sekta lokaci take rabawa tsakanin kwastomomi. Wanda siginarsa ke da ƙarfi a -60 yana magana da ita a mataki mai sauri na 8x, ya karɓi nasa nan take ya ba wani wuri. Wanda ke -78 a bayan bishiyar mangwaro yana rarrafe a 2x, fayil iri ɗaya zai cinye lokacin da ya ninka na wancan sau huɗu ko fiye, ga maimaita saƙon da ya faɗi a hanya. Mutum uku irin wannan sun isa su durƙusar da sauran 35. Shiga jerin na'urorin da ke kan sektar ka jera su bisa sigina. Duk wanda siginarsa ta fi -70 rauni, ka je gidansa ka ɗaga masa bututu, ka sake saita fuskar rediyon gidansa, LiteBeam, a hankali wani yana karanta maka lamba daga ƙasa. Wanda ya ƙi gyaruwa ka ba shi haƙuri ka cire shi. Na san yana da ciwo ka mayar da kuɗin da ya zo hannunka, amma riƙe shi zai kore maka mutum goma.

Kuma ganin ƙarfenka daga rufin kwastoma bai wadatar ba. Sigina tana buƙatar fili kewaye da layin da ido ke bi. A nisan kilomita 5 kan 5.8GHz, filin nan a tsakiyar hanya ya kai kusan mita 8 ta kowane gefe, kuma aƙalla kashi 60 cikin ɗari, wato wajen mita 5, dole ya zama ba bishiya ba bene. Shi ya sa layin da ka haɗa da rani yana gudu, damina na sauka ganye ya cika ya jiƙe, sai ka ga siginar ta zube. Faɗin tasha ma ka bar shi a 20MHz in cikin gari kake. Masu sa 40 ko 80 suna ganin babbar lamba a gwajin rana, da dare kuma su kwashi hayaniyar kowace rediyo da ke unguwar. Yi amfani da airView, ma'aunin hayaniya da ke cikin rediyon, ka ga inda ya fi shiru kafin ka zaɓi tasha. In kuɗi ya samu, sekta biyu masu digiri 60 ko 90 sun fi maka guda ɗaya mai 120, kowacce da mutanen da ba su kai 25 ba.

Maganar rediyon da suka ƙone ita ce ta fi ci mini rai. Babu safiya mai nauyi a sana'ar nan irin wadda ke biyo bayan hadari: ka tashi ka ga wayarka cike da kira, ka buɗe kwamfuta sekta ba ta amsawa, ka isa gindin ƙarfe ka tarar fitilar PoE, na'urar da ke tura wa rediyo wuta ta cikin kebul, tana ci amma sama shiru. Ka hau da igiya a jiƙe, ka sauko da rediyon da ko wata shida ba ta yi ba, ka jona ta a ƙasa, wuta ta kama amma ramin kebul ya mutu. Kana tsaye da ita a hannu kana lissafin kuɗinta da canjin dala na yau, mai shagon POS yana kira, mai makaranta yana kira, wani yana cewa a mayar masa da kuɗinsa. Abin da ya fi zafi shi ne yawanci ba tsawa ce ta faɗo kan ƙarfen ba. Da ita ce da ba ka tarar da komai ba. Walƙiyar da ta sauka nesa tana cusa wuta cikin doguwar wayar da ta hau ƙarfe, iskar nan mai ƙura da ke zuwa gabanin ruwan farko ita ma tana tara caji a jikin na'ura. In cajin bai sami hanyar ƙasa ba, ta ramin kebul zai bi.

A nan ne nake jin haushin masu sayar mana da kebul. Mutum ya dube ka ya rantse jan ƙarfe ne zalla, kwalin mita 305 an rubuta Cat6 da manyan baƙaƙe, alhali alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a bayansa, wanda ake kira CCA. Allah ya isa tsakaninmu da masu wannan hali, don sun san abin da suke sayarwa. Alminiyom kusan kashi 60 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, to a kan PoE mai 24V in wayar ta yi tsawo wutar ba ta isa sama cikakkiya. Sai rediyo ta riƙa mutuwa tana tashi daidai lokacin da lodi ya yi yawa, kai kuma kana zargin rediyon, kana canza firmware, wato manhajar cikinta, kana hawa kana sauka a banza. Ga karyewa a cikin kan kebul, RJ45, ga rigarsa da rana ke farfasawa ruwa ya bi ciki har cikin PoE. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, fere silin waya ɗaya ka kankare shi da wuƙa a gaban mai shagon. In fari ya bayyana a ciki, ajiye masa kayansa. Ko ka kanga masa ashana, CCA lanƙwashewa yake nan da nan.

Abin da za ka yi kafin hadari na gaba: kebul na waje mai rigar ƙarfe da silin ƙasa a ciki, da kan RJ45 na ƙarfe, a tabbatar silin ya taɓa kan. Kariyar tsawa irin ETH-SP guda biyu ga kowace rediyo, ɗaya a sama kusa da ita, ɗaya a inda wayar za ta shiga akwati. Kowacce a ɗaure ta da wayar ƙasa, wadda ke sauke caji cikin ƙasa, in ba haka ba ado ce kawai. Sandar ƙasa ta jan ƙarfe mai tsawon mita 1.8 zuwa 2.4, da waya mai kaurin 16mm² zuwa jikin ƙarfen. A ƙasarmu mai bushewa sanda ɗaya ba kasafai take isa ba, a kafa biyu ko uku, tazarar da ke tsakaninsu kada ta gaza tsawon sandar, a haɗe su. Nemi mai na'urar awo ya auna maka da rani, kana son ƙasa da ohm 10. Masu wayarin za su ce a zuba gishiri da gawayi. Yana saukar da lambar da farko, amma gishirin yana cin sandar, yumɓun bentonait ya fi daɗewa. Sannan ƙarfe da akwati da sola da rauta duk su haɗu a ƙasa guda. In ka raba musu, bambancin da ke tsakani ta kebul ɗinka zai wuce. Ka bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga akwati domin ruwa ya ɗiga a waje. Kuma don girman Allah kada yaronka ya hau ba bel, ko da mita shida ne.

Ba ka yi maganar wuta ba amma na san tana nan tafe. Lissafa lodinka: in rediyoyi da rauta da suwic sun haɗa wat 60, a yini kana cin 1,440Wh. Batir biyu masu 12V 200Ah a jere suna ba da 4,800Wh, rabi kawai za ka taɓa in kana son su yi rai, wato kusan awa 40. Sola kuma kada ta gaza wat 500 zuwa 600, saboda hazo da ƙurar hunturu, a riƙa goge ta duk mako. Cire inbata daga tsakani, ka ciyar da kayan kai tsaye daga batir ta na'urar daidaita 24V, domin batir in yana caji yana haura 28V, inbata kuma cin wuta take ko ba lodi. Zafin Afrilu yana kashe batirin ruwa da wuri in akwatin yana cikin rana, yi masa rumfa da kafar iska. Ka kuma yi wa kowace PoE alama da fenti. Wadda ke fitar da 48V in ta shiga rediyo mai 24V, shi ke nan.

Koma kan dillalinka ma. Ka tambaye shi a rubuce: meg 50 ɗin naka ne kai kaɗai, ko raba ku ake yi? Da yawa suna karɓar kuɗin layin kai kaɗai su ba ka na tarayya, da rana lafiya lau, da dare ya koma rabi, in ka kira su ce matsalar daga wajenka take. Jona kwamfuta kai tsaye a layinsu ƙarfe 9 na dare, ka gwada kwana bakwai a jere kana ɗaukar hoto, da shi za ka yi magana. A rautarka kuma ka ƙayyade jimillar a meg 46 ko 47, ka sa tsarin raba layi daidai, PCQ, ko CAKE in manhajar rautar RouterOS 7 ce, don kada mai sauke fim ɗaya ya hana kowa kiran WhatsApp. Na ga wasu a nan suna ba ka shawarar ka ɗauko Starlink na gida ka raba. Tun shigowarsa Najeriya a Janairun 2023 ake wannan, amma ƙa'idarsu ta hana sake sayar da layin gida, ranar da aka rufe shi ba ka da bakin magana a gaban mutum 38. Lasisin hukumar sadarwa, NCC, ma ka sa shi a gaba tun kana ƙarami.

Bashin kwastoma kuwa, daina shi gaba ɗaya. Kowa ya koma PPPoE, wato shiga da suna da lambar sirri, ka ɗora manhajar kula da kwastoma ta User Manager, ranar da wata ya cika layi ya yanke da kansa, ba sai ka yi ta jin nauyin maƙwabci ko abokin babanka ba. Kuɗin haɗawa ya biya rediyon gidan da kebul da bututu, kada ka ce za ka fanshe a hankali, tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin da ka karɓa bara ba ya sayen irin kayan bana. Duk wata ka ware wani abu na kayan da za su mutu, kuma a ajiye sekta ɗaya, PoE biyu da ƙaramar rauta irin hEX da aka riga aka loda wa saitinka. Rufe ƙofar Winbox, manhajar saita rauta, mai lamba 8291, daga waje, ka sabunta RouterOS, ka fitar da kwafin saiti ka adana a wani wuri dabam. Mai benen da ka kafa ƙarfe a kansa ma ku yi takarda da shaidu, da kuɗin haya da shekarun da aka yi alkawari, don in ya ga kwastoma sun yawaita magana tana iya canzawa.

Turo mana hoton jerin na'urorin sektar da na ramin dillalin da misalin ƙarfe 9 na daren yau, ka rufe sunayen mutane, ka kuma faɗa mana tsawon kebul daga akwati zuwa sama da irin wanda ka sa. In sha Allahu za mu nuna maka waɗanda za ka fara zuwa gidajensu gobe. Allah ya mayar maka da alheri.