Da gaske na'urar sona ta sojojin ruwa na kashe kifayen wel?

Tambaya: Malam, na ga hotunan kifayen wel zube a bakin teku sun mutu, ana cewa wai ƙarar sona ta jiragen yaƙi ce ta jawo. Abin ya tsaya min a rai. Ƙara kawai za ta kashe dabba mai girma haka?

Amsa: Tana kashewa ɗan'uwa, duk da ba kowace mutuwa za a ɗora mata ba. Dabbobin nan da kunne suke farauta, da shi suke kiran juna, sai ga sona, na'urar da ke aika ƙara cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa don neman jiragen ƙarƙashin ruwa, tana sakin ƙarar da ta kai desibel 235 a ma'aunin ƙarfin sauti. A Bahamas a Maris 2000 dabbobi 17 suka fito gaɓa bayan wucewar jiragen yaƙin Amurka, an samu jini a kunnuwan wasu, sojojin da kansu suka amsa daga baya cewa sonarsu ce sanadi. A tsibiran Kanari na ƙasar Sifen a 2002 guda 14 ne lokacin atisayen sojojin ruwa, da aka feɗe su sai ga kumfar iska a cikin jijiyoyin jini da hanta, irin ciwon mai nutso da ya taso da gaggawa. Wanda abin ya fi ci shi ne wel mai dogon baki da ke nutso kusan mita 3,000, firgita ke rikita mai tsarin nutsonsa.

Amma abin da ke ƙona min rai shi ne maganar nan ta "ai ba mu ga gawa ba, don haka ba a yi ɓarna ba". Kullum sai na ji ta, har daga bakin masu sa hannu a takardar izinin atisaye. Haba! Wanda ya mutu a tsakiyar teku nutsewa yake ko igiyar ruwa ta tafi da shi, wa zai ƙirga shi? Wanda ya kurmance fa, ko uwar da ta rabu da ɗanta don ba sa jin juna, ko shuɗin wel da aka gani a gaɓar Kalifoniya ya bar cin abinci ya gudu da aka kunna ƙarar? Duk waɗannan ba gawa, sai a rubuta lafiya lau a rufe fayil. Gawar ma in ta kwana biyu a rana ta ruɓe, shaidar ta tafi, sai su ce ba hujja.

Kuma kar a ce min ba yadda za a yi. Sifen ta hana amfani da sonar nan a kewayen Kanari a 2004, shekaru suka yi ta wucewa ba a sake ganin irin wannan mutuwar ta taro a wurin ba.