Tabon ciyawa a ƙarƙashin mangwaro

Kai yaro, ka ce ciyawar gidan da na tura ka tana yin tabo ruwan ƙasa, zagaye-zagaye, a ƙarƙashin mangwaro, wai ko ka watsa mata takin yuriya ta farfaɗo. Kada ka kuskura. Funfuna ce, kuma yuriya a tsakiyar damina ƙara mata ƙarfi take yi, don sabon ganye mai taushi shi ta fi ci.

Yuriyar nan ce ta raba ni da injin yankan ciyawata na farko. Wani attajiri a Maitama ya ba ni aikin shimfiɗa kafet giras a bayan gidansa. Tun ranar awo na faɗa masa gefen katanga ba ya ganin rana, mangwaro biyu sun rufe shi, ruwan rufi kuma nan yake kwanciya. Na ce a rage rassa, a fitar da magudana. Ya ce a wannan inuwar yake shan iska, ba mai taɓa masa bishiya. Na yi aikina, ciyawa ta kama, kowa ya yaba. Ashe kullum bayan magariba maigadinsa ke jan tiyo yana ba ta ruwa, a watan Agusta fa, a Abuja! Ganye ya kwana a jiƙe, ya wuni a inuwa. Da attajirin ya ga ta fara yin ruwan ɗorawa, shi da kansa ya sayo buhun yuriya ya sa aka watsa. Tabo ya haɗu da tabo, wurin ya ruɓe. Ya kira ni gaban baƙinsa ya ce ciyawa mai cuta na sayar masa. Na durƙusa na ja ganye ɗaya, ya zare ba wuya, gindinsa baƙi, na miƙa masa. Ko kallo bai yi ba. Ya riƙe cikon kuɗina, ni kuwa bashi na ɗauko ciyawar, sai da na sayar da injina na biya masu ita. Daga baya na bi ta layin, na hango an sare rassan nan. Wani ya samu kuɗin shawarar da na bayar kyauta. Allah ya isa, ban yafe ba.

To, ka je da asuba kafin raɓa ta bushe, ba ƙarfe 10 da ku 'yan yanzu kuke tashi kuna latsa waya ba. Duba bakin tabon, inda kore ya haɗu da ruwan ƙasa. In ka ga farin abu kamar saƙar gizo-gizo, ko ganye ya zare da ruɓaɓɓen gindi, funfunar ce. In kuwa ciyawar ta ɗago gaba ɗaya ba saiwa, gwazarma ce ko gara, maganin funfuna ba zai yi mata komai ba.

Ruwa da safe kawai, ranar da aka yi sama kuma a bar shi. Rage rassa iska ta shiga, kwashe ganyen mangwaron da ya zuba, soke ƙasar da ƙarfe mai tsini ka zuba yashi. Wurin da ya kamu shi za ka yanka a ƙarshe, ba a jiƙe ba, ka wanke injin kafin ka kai shi wani gida.

Sai bayan haka feshin maganin funfuna. Mankozeb kariya yake yi a saman ganye, ruwan sama na wanke shi. Firofikonazol yana shiga jikin tsiron. Awon yana jikin kwalba, ka iya karatu. Ka fesa har lafiyayyar da ke kewaye, don ganyen da ya mutu ba ya dawowa.

In ciyawar kiri-kiri ce aka shuka a wurin, gaya wa mai gidan ba ta zama a inuwa, ko nawa zai kashe. Kuma duk abin da ka gaya masa, tura masa a rubuce ta waya, ka ajiye.