Amsar Malam kan haɗa foyinta da girehawun

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari saƙonka, wai idan aka ba karyar foyinta, wato karen Turawa mai nuna wa maharbi inda tsuntsu yake, barbara da girehawun, wato dogon siririn karen tseren nan, za a samu karen farauta mai hanci kuma mai gudu. To ni abin da na ji a ƙarƙashin tambayar nan shi ne kare ɗaya kake so ya yi maka aikin karnuka biyu, ka huta da ciyar da biyu. Shi zan amsa maka.

Ka fara duba abin da aka gina kowannensu a kai. Foyinta da hanci yake aiki. Kansa a sama, yana yanka fili dama da hagu yana shan iska, da ya ji ƙanshin tsuntsu sai ya ƙame cak, ƙafa ɗaya a ɗage, jela a miƙe, ba zai motsa ba sai mai bindiga ya iso. Wannan tsayuwar ita ce dukiyarsa gaba ɗaya. Ɗan jinkirin nan da dabba ke yi kafin ta daka wa abu tsalle, shi masu kiwo suka yi ta zaɓa shekara da shekaru har ya zama tsayuwa. Kwikwiyon da bai fi wata biyu ba ma za ka ga yana yi, ba wanda ya koya masa. Shi kuwa girehawun ido ne. Abu ya motsa, ya tafi. Yana taɓa kilomita 70 a awa, amma gudun na ɗan lokaci ne, tseren da ake yi da su na mita 500 ko kusa da haka cikin kamar daƙiƙa 30 an gama. Wato jinin ɗaya yana ce masa tsaya, jinin ɗayan yana ce masa bi. Taura biyu ba ta taunuwa, Malam.

Kuma mutane suna lissafin abin kamar rabi daga nan, rabi daga can, a zuba a kwikwiyo ɗaya. Ba haka gado yake tafiya ba. A haihuwa ɗaya wani zai ɗebo hancin uwa, wani ƙafar uba, wani ya fito bai kai wannan ba bai kai wancan ba. In ka sake haɗa 'ya'yan da junansu abin ya ƙara warwatsewa.

Na gani da idona. Wani abokin farautarmu ya sayi karya irin wannan haɗin a hannun wani mai kiwo da ya cika shi da baki, wai za ta nuna masa tsuntsu da safe ta kama masa zomo da yamma. Kyakkyawa ce, ƙirji mai zurfi, ciki a shafe. Ta ji ƙanshin makwarwa ta tsaya, wallahi tsayuwa mai kyau, ƙafar nan a ɗage. Amma ka dubi cinyarta, rawa take yi, idonta ya bar bin iska ya koma kan ciyawar da ke motsi. Kafin mutumin ya yi taku biyar ta faɗa. Tsuntsaye suka tashi can nesa inda harsashi ba ya kai, ita kuma ta bi su a guje tana kallon sama har ta ɓace mana. Kuma haɗarin ke nan, tsuntsu yana tashi ƙasa-ƙasa, kare yana tsalle a bayansa, wa zai ɗana kunama? Da aka koma wa mai kiwon sai ya ce ai horo ne bai yi ba. Wane horo? Mutumin nan ya yi watanni da doguwar igiya yana koya mata tsayawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗan'uwanta na ciki ɗaya yana hannun wani, shi yana tsayawa lafiya lau, amma zomo ya juya sau biyu ya bar shi a baya. Shi ma mai kiwon cewa ya yi abinci ne bai ishe shi ba. Kullum laifin mai saye ne. Har yau yana nan yana haɗawa yana sayarwa, bai taɓa fita daji da ko ɗaya daga cikin iyayen ba, kuma karnukan ne ke shan wahala, don wanda bai yi aiki ba ƙarshensa ɗauri a bayan gida. Kai, bar wannan maganar.

Na san wani zai ce ai Turawa suna haɗawa. Suna haɗawa, amma ku tambaya don me. Wanda ake kira Greyster a Norwe aka fitar da shi a shekarun 1980, foyintan Jamus mai gajeren gashi da girehawun, kuma don tseren jan kaya a kan ƙanƙara aka yi shi. Ƙarfi da gudu suke nema, ba ruwansu da ko zai nuna tsuntsu. A Ostareliya akwai Bull Arab tun shekarun 1970, akwai jinin foyinta da na girehawun a ciki, amma an ƙara da bul teriya, wani kare mai ƙarfin cizo, don aladun daji ake bi da shi, ya nemo, ya cim ma, ya riƙe. Ba wanda ya ce ya ƙame. Su kansu mutanen Ingila a da can da suke farautar zomo, foyinta ke nemo shi ya nuna, sannan a saki girehawun. Karnuka biyu, kowa da aikinsa.

Bari dai in daidaita magana, kar a ce na ce haɗin banza ne. In abin da kake so kare ne da zai nemo zomo da hanci, ya tayar, ya bi da kansa, babu bindiga a lamarin, to nan haɗin yana iya yin amfani. Jinin foyinta yana ƙara masa juriyar yini a daji da son aiki tare da mutum, wanda girehawun zalla da ya yi gudu biyu uku masu zafi sai ya nemi inuwa. Amma ka yarda tun yanzu gudun zai ragu. Kuma in ya ɗebo fatar uban, siririya ce, ƙaya ko waya ta ja shi sai ɗinki, yatsun ma ba sa son ƙasa mai tauri da duwatsu. Ranar da za a yi masa allurar barci ka gaya wa likitan dabbobi akwai jinin girehawun, don ba su da kitse a jiki, wasu magungunan suna daɗewa ba su sake su ba. Sai maganar doka, ka bincika ta inda kake. A Ingila da Wales dokar 2004 ta hana bin babban zomon daji da karnuka, har gasar bin zomo da girehawun ta Waterloo Cup ta tsaya a 2005.

In kuwa tsuntsu ne da bindiga, kar ka taɓa jinin foyintarka. Ka nemo mata namiji irinta wanda ka ga aikinsa da idonka. Goyon cikin kwana 63 ne kawai, amma sai kwikwiyo ya haura shekara kafin ka san abin da ka samu, kuma sauran 'yan'uwansa duk a wuyanka suke.

Yanzu ka turo mini abu biyu: me kake farauta, kuma filin a buɗe yake ko sarƙaƙiya ce. Sannan karyar taka tana riƙe tsayuwa har ka iso, ko ita ma tana faɗawa? Don in tana faɗawa maganar ta canza gaba ɗaya.