Wane Shakazoba Zan Saya wa Tsohuwar Motata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da Toyota Camry ƙirar 2004 wadda nake zuwa aiki da ita kullum, wani lokaci kuma nakan kai iyali Kano ko Kaduna. 'Yan watannin nan motar tana lilo idan na haye tudun rage gudu, gabanta yana dunguri idan na taka birki, sannan ina jin ƙwanƙwasa daga ƙafar gaba ta dama. Bakanikena ya ce shakazoba ne, ya kuma ba ni zaɓi uku: tokumbo, ko sabo mai araha wanda ban san kamfaninsa ba, ko sabo mai suna wanda ya fi su tsada. Albashina ba zai ɗauki kashe kuɗi sau biyu ba. Wanne ya fi dacewa da ni?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga maganar saye, ina so ka tabbatar da ciwon tukuna, domin alamomin da ka lissafa ba lallai ne tushensu ɗaya ba. Lilo da dungurin gaba sun yi kama da aikin shakazoban da ya gaji, amma ƙwanƙwasa sau da yawa tana fitowa ne daga wani wuri: robobin ƙafa da suka tsage, ko ƙaramar sandar da ke haɗa shakazoba da ƙarfen da ke hana mota karkata a kwana, ko kuwa mazaunin shakazoban na sama wanda ke ɗauke da boris. Waɗannan duka sun fi shakazoba araha nesa ba kusa ba. Ka sa a ɗaga motar a cire taya kana tsaye, a girgiza kowane sashe a gabanka. Idan mai yana gangarowa a jikin shakazoban har ƙura ta manne ta yi kauri, ya mutu. Ɗan danshi kaɗan a samansa kuwa ba hujja ba ne. Ka kuma shafa tafin hannu a kan tayar, idan ka ji ta ci tudu da kwari, wannan shaida ce cewa tana tsalle a kan titi maimakon ta kama shi.

Yana da kyau ka san aikin abin da za ka saya. Sifirin ne yake ɗaukar nauyin mota, shi kuma shakazoba aikinsa ya hana sifirin ci gaba da tsalle. A cikinsa akwai fistin da ke tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi, kuma tirjiyar da man yake yi ita ce ke kwantar da motar. Yawancin na zamani ana ɗura masu iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa idan ya yi zafi a doguwar hanya mai gargada. A motarka, dukkan ƙafafu huɗu irin shakazoban nan ne da ke haɗe da sifirin, wanda ake dangantawa da injiniyan Amurka Earle MacPherson, kuma a wannan tsari shakazoban wani ɓangare ne na ƙashin ƙafar, shi yake riƙe tsayuwar taya. Saboda haka idan ya lalace ba jin daɗin zama kawai ake rasawa ba, har da riƙon hanya da saurin tsayawa idan an taka birki, abin da bai kamata mai ɗaukar iyali a titin Kaduna zuwa Kano ya yi wasa da shi ba.

Game da tokumbo, na san dalilin da ya sa jama'a suke son sa a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna: na asali ne da ya zo jikin wata mota, kuma kuɗinsa da sauƙi. A kayan da ba su cinyewa, kamar ƙofa ko gilashi, ni ma shi nake zaɓa. Amma shakazoba cinyewa yake yi daga ciki, inda ido ba ya gani. Kamfanonin da ke ƙera shi irin su Monroe da KYB suna ba da shawarar a fara tunanin canji daga kimanin kilomita 80,000, alhali motar da aka ƙera a 2004 ta haura shekara ashirin, kuma babu mai iya gaya maka tafiyar da wanda aka ciro daga jikinta ya yi. Danna shi da hannu a bakin shago ba ya nuna komai sai dai ko ya mutu murus, domin ƙarfin hannu bai kai ƙarfin rami ba. Mafi muni shi ne wanda aka huda aka ɗura wa mai, aka toshe, aka fesa masa baƙin fenti. Idan ka ga alamar walda ko sabon fenti a jikin tsohon ƙarfe, ka ajiye shi ka wuce.

Sabon da ba shi da sunan kamfani ma ba na ba da shawararsa, saboda ba ka da wanda za ka riƙe idan ya fara yoyo bayan 'yan watanni, kuma kuɗin aiki da na saitin taya sai ka sake biyan su. Ra'ayina shi ne ka sayi sabo daga kamfanonin da su ne suke ƙera wa masu haɗa motoci tun farko, kamar KYB na Japan, ko Monroe na Amurka, ko Sachs na Jamus, ka kuma zaɓi samfurinsu na yau da kullum, misali Excel-G a wajen KYB, wanda aka yi don ya maye gurbin na asali. Ba ka buƙatar masu tauri na masu son gudu; a hanyoyinmu wahalar da baya kawai za su yi, ga ƙarin kuɗi. Matsalar da ke nan ita ce jabu, domin sunan da ya yi kasuwa shi ake kwaikwayo. Ka je da lambar shasin motarka mai haruffa da lambobi 17, ka nemi lambar kayan da ta dace, ka duba cewa lambar da ke kan kwali ita ce aka buga a jikin ƙarfen, ka karɓi rasit mai sunan shago. Farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna sosai abin zargi ne. Ka lura kuma cewa na dama da na hagu ba ɗaya ba ne a wannan motar.

Idan kuɗin ba zai kai huɗu ba, ka canza biyu na gaba yanzu, na baya su biyo baya idan hali ya samu, sai fa in na bayan ne suka fi lalacewa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne canza ɗaya a bar ɗan'uwansa, domin ɓangare ɗaya zai riƙe, ɗaya ya saki, motar ta rasa daidaito a kwana da wajen birki. Sifirinka na asali, muddin bai karye ko ya zauna ba, ka bar abinka a mayar da shi. Amma tunda an riga an kwance, a duba mazaunin sama da robar da ke kare sandar shakazoban daga ƙura, wadda ke da muhimmanci ƙwarai a wajenmu lokacin hunturu, domin ƙasa ce ke cinye robar da ke tsare man.

Ranar aikin ka zauna a gareji. Kada a kama sandar shakazoban mai sheƙi da filaya, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta jawo yoyo. A matse sifirin da na'urar da aka yi don haka, ba da igiya ko waya ba, saboda sifirin da ya kuɓuce yana iya karya mutum. Duk wata robar ƙafa da aka canza, a ƙarasa ɗaure notinta bayan an sauke motar ta tsaya da nauyinta. Daga nan ka wuce kai tsaye wajen masu saitin taya, ka sa kuɗinsu cikin lissafinka tun yanzu, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe ɗaya cikin ɗan lokaci.