Yaya, ga abin da ya sa takwaranka ya juya wa Soto baya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da dukkan mutanen gida. Saƙon muryarka sau uku na saurare shi. Na ji dariyar da kake dannewa, na kuma ji faɗan da ke ƙarƙashinta. Ka ce sai yanzu aka turo maka bidiyon takwaranka a filin wasa, shi da tarin jama'a sun ba wani ɗan wasa, Juan Soto, ƙeya suna masa ature, kuma maman yara ta tsegunta wa Hajiya cewa akwai daren da yaron ya ƙi cin tuwo saboda wannan mutumin. Ka yi tambaya biyu. Wanda aka ƙara wa albashi ya tafi, laifin me ya yi? Sannan mu da muka tsallake teku neman abinci, da wane baki ɗanmu zai kira wani maci amana? Ta biyun ta fi zafi, zan zo kanta.

Wasan sunansa besbol. Ba zan wahalar da kai da dokokinsa ba, ni ma sai da na shekara goma a Bronx, unguwarmu ta nan New York, kafin na daina tambaya. Wani na jifa, wani na riƙe da kulki yana jiran ya maka ƙwallon, in ya same ta sai ya bi zango uku da gudu ya dawo gida. In ya maka ta ta tsallake katanga kuwa, sai ya zagaya da tafiyar ƙasaita, ita ce suke kira homron. Abin da nake so ka riƙe shi ne yawan wasannin: 162 a shekara, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Ku 'yan Arsenal sau 38 kuke ganin yaranku a Firimiya. A nan direban tasi wata shida yake yi yana jin sunan mutum ɗaya a rediyo kowane dare. Wanda kake jin sunansa kullum bayan magariba, ko ba ka so sai ya zama ɗan gida.

Filin Yankees, kulob ɗin besbol na nan Bronx, yana kan titi na 161, jirgin ƙasa mai lamba 4 ta gefensa yake wucewa a sama, daga gidanmu kuma da ƙafa ake zuwa. Da zafi in an buɗe taga, iska kan kawo mana ihun 'yan kallo. Mu manya, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana na Nima da Kumasi, har gobe ƙwallon Ingila ce tamu, da safiyar Asabar muke kallonta saboda bambancin lokaci. Yaran da aka haifa a nan dabam ne. Maƙwabtanmu da abokan karatunsu yawanci 'yan Jamhuriyar Dominika ne, su kuwa yadda kokawa take a wurin mutumin Nijar haka besbol yake a wurinsu. Tare suke wasa a filin da aka yi a inda tsohon filin Yankees yake kafin a rushe shi. Ban taɓa koya wa takwaranka son Yankees ba, unguwa ce ta koya masa.

Shi Juan Soto ba ma ɗan Bronx ba ne. A Santo Domingo aka haife shi, a watan Disambar 2023 aka kawo shi daga San Diego ta hanyar musayar 'yan wasa, kuma kaka ɗaya tak ya yi. Amma a unguwar da ko'ina ka juya ɗan Dominika ne, ai ɗan gari ne. Ya buga homron 41 a kakar. Ranar 19 ga Oktoban 2024 a Cleveland, wasa ya shiga ƙarin lokaci ana kunnen doki, shi ya maka wadda ta kai Yankees wasan ƙarshe na neman kofi, karo na farko tun 2009. Takwaranka a 2010 aka haife shi, ka ga bai taɓa ganin haka da idonsa ba, sai labari. Daren nan tsallen da ya yi a falo sai da na ƙasa da mu suka buga rufi da sanda. Dodgers na Los Angeles ne suka ɗauki kofin, amma yaran suka ce ba komai, baɗi da Soto za a dawo.

Ranar Lahadi 8 ga Disamba da dare muna zaune, tuwon shinkafa ne da miyar kukar da Hajiya ta aiko. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya kife ta a kan tebur. Uwarsa ta ce lafiya? Bai ce komai ba, ya wanke hannu ya shige ɗaki. Ƙanwarsa ce ta leƙa ta karanto mana: Soto ya koma Mets, shekara 15, dala miliyan 765. Ba a taɓa ba ɗan wasa irin wannan kwantiragi ba. Yankees sun taya miliyan 760 a shekara 16. Jaridun nan sun ruwaito cewa Mets sun haɗa masa da ɗakin kallo na musamman don iyalinsa, Yankees kuwa suka ce ko manyansu da kuɗinsu suke biya. Ni wannan ta fi kama hankalina, don na san abin da karrama dangin mutum ke yi a ciniki.

To, Yaya, ba tafiyar ce ta yi ciwo ba, inda ya tafi ne. Mets suna Queens, cikin New York ɗin nan, tafiyar jirgin ƙasa ce kawai. Yankees kofi 27 gare su, Mets biyu, a 1969 da 1986, kuma sai a 1962 ma aka kafa su. Tun tashin yaran nan Mets ƙanen bayan Yankees ne, ana masa dariya. Sai ga ƙane ya zo da attajirin mai kulob, Steve Cohen, ya ɗauke wanda yaya ya fi ji da shi. Da Texas ya tafi, da an yi tsaki an manta. Amma wannan gobe Litinin yaro zai shiga aji ya tarar da mai hular Mets yana jiransa a bakin ƙofa. Ka ɗauka ɗan damben Arewa ne da aka sha yi wa kirari, a wayi gari yana naɗa zare yana fitowa Kudu, a gidan damben nan dai, gaban makaɗan nan dai.

Kuma kada ka yi kamar ba ka san abin ba. A 2012 da Van Persie ya bar Arsenal ya koma Manchester United, wa ya hana a ambaci sunansa a shagonsa? Da ya ɗaga kofi da su a 2013 kwana nawa ka yi ba ka amsa wayata ba? Alhali ko Landan ba ka taɓa zuwa ba. Shi wannan yaron daga tagarsa yake jin ihun filin.

Abin yana da tsohon tarihi a wasan nan, kuma abin dariyar shi ne Yankees ne suka fi kowa yi wa mutane. A ƙarshen 1919 mai kulob ɗin Red Sox na Boston ya sayar musu da Babe Ruth kan dala 100,000. Boston da suka ɗauki kofi a 1918 ba su sake gani ba sai 2004, shekara 86, har suka ce baki ne ya kama su. Cikin waɗanda suka karya bakin akwai Johnny Damon, mai gashi har kafaɗa da gemu buzu-buzu, wanda ya faɗa da bakinsa cewa ba zai taɓa yi wa Yankees wasa ba. A Disambar 2005 sai ga shi ya sa hannu da su, shekara huɗu, dala miliyan 52, ya aske gashi da gemun tas don dokar kulob ɗin ke nan a lokacin. Mutanen Boston askin nan ya fi ci musu rai. Na gaya wa takwaranka wannan labarin ina cewa alhakin Boston ne ya kama ku. Bai yi dariya ba.

A masallacinmu bayan isha an yi sati ana wannan gardama, kuma dattawa duk bayan Soto suka bi. Wani dattijo ɗan Kumasi da ya yi shekara talatin yana tuƙa tasi ya ce wa samarin, ku da ba ku taɓa biyan haya ba ne kuke maganar amana. Yana da hujja. Shi kansa Soto sau biyu aka yi musayarsa kamar akuya a kasuwa, daga Washington zuwa San Diego a 2022, daga can zuwa New York a 2023, ba wanda ya nemi yardarsa. A dokar wasan sai ɗan wasa ya cika shekara shida a babbar gasa kafin ya samu 'yancin zaɓen inda zai je. Wannan 'yancin ma da jiɓin goshi aka same shi. A da kulob ne ke riƙe da mutum har ya yi ritaya. Wani baƙar fata, Curt Flood, ya ƙi yarda a tura shi Philadelphia a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972, wasansa ya mutu a kan hanya. Sai a 1975 aka warware ƙullin. Wato tun da ya shiga babbar gasa sau ɗaya aka taɓa tambayar Soto ina kake so, kuma a wannan sau ɗayan ne aka kira shi maci amana.

Samarin su ma ba su rasa amsa ba, sunan Aaron Judge suke kawowa. Shi ɗan California ne, San Francisco Giants yake so tun yana yaro, kuma a 2022 bayan ya buga homron 62 Giants ɗin suka zo nemansa. Ya ƙi komawa gida, ya zauna a Yankees kan dala miliyan 360 a shekara tara, aka naɗa shi kyaftin. Suka ce ga ɗan halak. Dattijon ya ce miliyan 360 ai ba zaman sadaka ba ne, ku je ku tambayi mutanen garinsu ko ɗan halak suke ce masa.

Wanda ya fi ba ni tausayi mai kantin bakin layinmu ne, ɗan Dominika, ɗan Yankees na gani-kashe-ni. Hoton Soto na manne a bayan inda yake karɓar kuɗi. Bai cire ba, bai kuma bar shi haka ba, sai ya liƙa takardar farashin madara daidai kan rigar, fuskar kawai ake gani. Ya ce mini ɗan ƙasarsu ya ci kuɗin da ba a taɓa ba kowa ba, yaya zai yi baƙin ciki? Ya yi shiru, sannan ya ce amma da ya ci su a nan.

Bidiyon da ka gani na ranar Juma'a 16 ga Mayun 2025 ne, ranar da Soto ya fara dawowa filin da rigar Mets. Ni na kai shi, kada ka ɗora wa uwarsa. A bencunan bayan fili muka zauna, inda 'yan gani-kashe-nin suke. Suna da wata al'ada: da an fara wasa sai su riƙa kiran sunan 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya da tafi, ba sa barin mutum sai ya juyo ya ɗaga musu hannu. Kakar da ta wuce Soto a gabansu yake tsayawa, shi ya fi kusa da su. Ranar nan da ya fito duka fili ya ɗauki ihu, shi kuwa ya cire hular kwanonsa ya ɗaga musu yana murmushi. Da ya taho wajen tsayuwarsa ta da, sai kawai na ga mutane suna juyawa, layi bayan layi, kowa ya ba shi baya. Na duba gefena, takwaranka ya juya, hannu a harɗe, leɓensa na rawa. Akwai zagin da ba zan iya rubuta maka ba, na dai sa ido a bakin yaron, bai furta ba, alhamdu lillahi. Ni kaɗai na rage ina fuskantar fili a layinmu, na ji kunya ta kama ni ba tare da na san ta me ba, sai na duƙa kamar ina ɗaure takalmi. Yankees suka ci 6 da 2.

A hanyar gida na yi masa tambayar nan taka, tun kafin ka yi ta. Na ce ni ma ai kuɗi ne ya raba ni da Zariya, ko ni ma za ka juya mini baya? Ya yi tafiya kaɗan, sannan da Hausarsa ta 'yan Bronx ya ce, Baba, kai ai ba Kano ka koma ba. Ashe duk tsokanar da muke yi da Kanawa a ƙofar masallaci yana naɗewa. Na yi dariya har da tari, amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa. Yaron nan in mun zo hutu ɗan Amurka kuke ce masa, a makaranta kuma ɗan Afirka. In ya sa hular Yankees ya hau jirgi, ba mai tambayarsa daga ina. Yadda yake cewa "mu" in yana maganar kulob ɗin nan, haka muke cewa "mu Zage-zagi", da irin wannan ɗaga hancin. Ban san lokacin da ya yi gari ba, Yaya, sai ranar da aka ɓata masa rai a kansa.

Kakar 2025 Soto ya buga homron 43, amma Mets suka sukurkuce a ƙarshe, ko zagayen neman kofi ba su shiga ba. Ranar takwaranka kwano biyu ya ci. Yankees ma Toronto ta kore su bayan 'yan kwanaki, wannan ba a maganarsa a gidan.

Rigarsa ta Soto da ka tambaya ko tana nan, to tana nan. Ya so ya jefa ta a shara, uwarsa ta ce ba da kuɗinta ba, ta ninke ta ɓoye. Allah ya taimake ta, rigar Yankees ba a rubuta suna a bayanta, lamba ce kawai, kuma lamba 22 ɗin aka ba wani saurayi, Ben Rice. Yanzu ya ci gaba da sa ta, wai ta Rice ce. Ta ma fara matse shi, in mai zuwa ya samu zan aiko wa autan Hajiya. A gaishe ta, a ce kukar ta kusa ƙarewa.