Lambar yabon makarantar likitanci da neman gurbin horon ƙwarewa a Amurka

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka tambaya ko lambobin yabon da yaronka ya kwaso a makarantar likitanci, har da distinshin a tiyata, za su buɗe masa ƙofar horon ƙwarewa a nan Amurka. Za su taimaka, amma ba yadda ake zato a gida ba.

Mu fara da yadda 'ya'yan nan ke samun nasu yabon. Karatun likita a Amurka shekara 4 ne bayan digirin farko. Shekarun farko na aji yawancin makarantu sun daina ba su maki, ci ko faɗuwa ne kawai. Ana fara bambanta ɗalibai ne a shekara ta uku, lokacin da suke zagaya sassan asibiti: cututtukan ciki, tiyata, yara, mata da haihuwa, taɓin hankali. A kowane sashe akan haɗa rahoton manyan likitocin da ɗalibi ya bi zagayen marasa lafiya da su, da jarrabawar ƙarshen sashe da hukumar NBME ke shiryawa, sai a ba shi Honors, ko High Pass, ko Pass. Mai son tiyatar ƙashi da ya tashi da Pass a sashen tiyata ya shiga uku, domin layin da mai duba takardu zai fara kai ido kansa ke nan.

Sama da wannan akwai ƙungiyar karrama haziƙan ɗaliban likitanci, Alpha Omega Alpha, wadda kowa ke kira AOA, da aka kafa a Chicago a 1902. Makaranta ba ta zaɓar fiye da kashi 20 cikin ɗari na masu kammalawa. Sai ƙungiyar Gold Humanism, ta 2002, wadda ɗalibai ne da kansu ke nuna wanda suka ga yana tausayin mara lafiya. Dukansu biyu suna da gurbinsu a fom ɗin neman horo na ERAS.

A ina AOA ke da nauyi? A fannonin da ake rububi: fata, tiyatar ƙashi, tiyatar ƙwaƙwalwa, tiyatar gyaran sura, da kunne-hanci-maƙogwaro. Ƙididdigar NRMP, hukumar da ke haɗa masu nema da guraben horo, ta sha nuna cewa a irin waɗannan fannoni sama da ɗaya cikin uku na 'yan makarantun Amurka da suka samu gurbi 'yan AOA ne. Juya lissafin ka gani: mafi yawan waɗanda suka shiga ba su da ita. A cututtukan ciki, yara da likitancin iyali kuwa, rashinta ba ya hana mutum barci. Kuma darajarta ta ɗan girgiza. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna baƙaƙen ɗalibai ba sa samun shiga kamar farare ko da makinsu ya yi daidai, har makarantar Icahn ta Mount Sinai a New York ta dakatar da zaɓen ɗalibai cikinta a 2018. Mu da 'ya'yanmu ke waɗannan makarantu wannan magana tana ci mana rai.

To yanzu ga naka yaron. Wanda ya yi MBBS a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri ba ya shiga AOA yana ɗalibi, kuma babu wanda zai tuhume shi a kan haka. Matsalarsa daban ce. Shugaban shirin horo yana da takardu dubbai a gabansa, gurabensa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Idan ya ga "distinshin a tiyata" bai san ko mutum biyu suka samu a ajin ba ko rabin aji. Bai san cewa a gida shekara takan wuce ba a ba kowa ba. Abin da bai iya aunawa ba, tsallake shi yake yi.

Maganin wannan yana cikin wasiƙar shugaban makaranta, wadda ake kira MSPE. Makarantun nan sukan rubuta shafuka da dama, da kalaman malamai a kowane sashe, da jadawalin da ke nuna inda ɗalibi ya tsaya cikin 'yan ajinsa. Abin da muke gani daga gida sau da yawa sakin layi biyu ne: yaro mai ladabi, ya kammala a shekara kaza. Wannan asara ce babba. Yaronka ya je ofishin shugaban tsangayar da kansa, da wuri, ya roƙi a rubuta adadi: ajin mutum nawa ne, shi ne na nawa, mutum nawa suka samu distinshin a wannan darasi, kyautar da aka ba shi wa ke bayar da ita kuma a kan me. Shirye-shiryen horo suna buɗe takardu a ƙarshen Satumba, wanda wasiƙarsa ta makara yakan tarar an raba goron gayyatar intabiyu.

Ma'aunin da ke haɗa shi da ɗan Boston a faifai ɗaya shi ne USMLE, jarrabawar lasisin aikin likita a Amurka da ake yi mataki-mataki. Tun Janairun 2022 Step 1 ta koma ci ko faɗuwa, nauyin ya dawo kan Step 2 CK, wadda har yanzu ake ba da maki mai lamba uku. Shirye-shirye da yawa da wannan maki suke tace takardu a kwamfuta kafin ɗan Adam ya karanta layi ɗaya. A nan ne haziƙai ke yin kuskure: gwarzon aji ya dogara da kansa, ya shiga jarrabawa bai shirya ba. Idan ya ci da ƙaramin maki ba a barinsa ya sake don ya gyara, idan ya faɗi kuma faɗuwar tana nan a takardarsa har abada. Kada ya sa rana sai jarrabawar gwaji ta nuna masa makin da yake nema sau biyu ko uku a jere.

Sauran sharuɗɗan ka sa ya rubuta: shaidar ECFMG (hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka), jarrabawar Turanci ta OET, wasiƙun shaida daga likitocin Amurka da suka ga aikinsa da idonsu, da kula da shekarar kammalawa, don wasu shirye-shiryen ba sa duba wanda ya daɗe da gamawa.

Maganar gaskiya, Kawu, fata ko tiyatar ƙashi ga wanda ya yi karatu a waje abu ne mai wuyar gaske. 'Yan kaɗan da ke shiga yawanci sai sun yi shekara ɗaya ko biyu suna bincike a wani sashe a nan, har wani babba ya san su ya ɗaga waya dominsu. Mafi yawan namu ta cututtukan ciki, yara, likitancin iyali da taɓin hankali suke shiga, daga cututtukan ciki kuma a wuce zuciya ko ƙoda. A wannan mataki ana iya zaɓen likita cikin AOA yana tsakiyar horo, ko da a Kano ya yi karatu.

Idan ya nema, ranar Litinin ta makon sakamako a watan Maris zai ji ko ya samu, Juma'a kuma a faɗa masa asibitin. Wanda bai samu ba yana da kwanakin tsakani ya nemi guraben da suka rage ta tsarin SOAP, don haka takardunsa su kasance a shirye tun kafin Litinin ɗin. A gaida Hajiya da yaran.