Yaro da sandar hoki: Likita ya amsa tambayoyin iyaye daga Zariya

Assalamu alaikum. Tun da aka koma makaranta wasiƙu ke ta zuwa mini a kan wasan hoki, wanda wasu makarantu suka farfaɗo da shi, shi ya sa na haɗa su wuri guda a wannan makon. Ga wanda bai san wasan ba, mutum 11 ne a kowane ɓangare kamar ƙwallon ƙafa, sai dai da sanda mai lanƙwasa a ƙarshenta ake kora wata 'yar ƙwallo mai tauri. Hokin fili ke nan, wanda ake yi a ƙasarmu. Na kan ƙanƙara da ake gani a talabijin, irin na Kanada, wasa ne daban da kayansa daban. Nauyin ƙwallon hokin fili bai wuce giram 156 zuwa 163 ba, amma idan ka riƙe ta a hannu za ka rantse dutse ne. Kusan duk raunin da zan yi magana a kansa daga wannan ƙwallo yake fitowa, ko daga sandar abokin wasa.

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 12 ya dame ni da maganar hoki. Malamin wasanninsu ya ba shi jerin kaya, ni kuma albashina bai kai in saya duka ba. Wanne ne dole? (Wani uba daga Tudun Wada)

Amsa: Malam, na san yaron da sanda zai fara lissafinsa, domin ita ce abin nunawa abokai. Ni kuwa da baki zan fara. Robar kare haƙora ita ce ta farko, kuma ita ce mafi araha a jerin. Ta biyu ita ce kariyar ƙwauri. Ka lura, ta 'yan ƙwallon ƙafa ƙarama ce, ba ta rufe idon sawu; ta hoki doguwa ce, tana tasowa daga ƙasan gwiwa har ta lulluɓe ƙashin idon sawu, inda ƙwallo ta fi samun yara. Sai takalmi mai riƙe ƙasa, domin yawancin filayenmu tsakuwa ce da busasshiyar ciyawa, ba shimfiɗar roba ba.

Sanda ana iya aro daga makaranta, ko a sayi ta hannu. Abin dubawa shi ne kada ta tsage ko ta yi ɓaraguzai, kuma idan yaron ya tsaya da takalmi, tsawonta ya kai ƙashin ƙugunsa. Kada ka sayo doguwa wai don ya girma da ita, za ta riƙa tashi sama tana samun fuskokin 'yan'uwansa. Takalmi da kariyar ƙwauri ma idan ka same su a gwanjo a kasuwar Sabon Gari, babu laifi, a wanke kawai. Robar baki ce kaɗai ban yarda a sayi tsohuwa ko a yi aronta ba.

Yadda ake daidaita ta: a tafasa ruwa a sauke, a tsoma robar na ɗan lokacin da aka rubuta a jikin kwalinta, a bari ta ɗan huce, sai yaron ya sa ta a haƙoran sama ya cije, yana dannawa da yatsu ta waje. Sannan a jefa ta cikin ruwan sanyi. Idan ya buɗe baki ta faɗo, ba ta zauna ba, a sake. Kuma bakin yaro girma yake yi, wadda ta yi masa bana ba lalle ta yi masa baɗi ba.

Idan aka ce shi ne mai tsaron gida, to wannan magana ce ta makaranta. Hular kwano mai ragar ƙarfe, makarin ƙirji, na ƙafafu, na hannu da na al'aura, duk sai sun cika. In babu su, ka ce ɗanka ba zai tsaya a raga ba, kuma kada ka ji kunyar faɗa.

Tambaya: An bugi ɗiyar maƙwabciyata da sanda, haƙorinta na gaba ya fita, yanzu tana da giɓi. Wai da gaske ana iya mayar da haƙori? (Wata uwa daga Gyallesu)

Amsa: Da gaske ne, Hajiya, kuma wannan ita ce amsar da nake so kowa ya haddace a cikin duk na yau. Akwai wata la'asar da ba na mantawa da ita. An kawo mini yaro riga duk jini, mahaifinsa na biye da shi, ya ciro wata 'yar takarda daga aljihun gaba ya warware a hankali. Haƙorin ne a ciki, an goge shi tas da buroshi, fari ƙal, ya bushe. Sun tsaya sun yi wa yaron wanka, sun jira mai babur, kusan awa uku ta wuce. Mutumin ya yi iya abin da ya sani ne don ƙaunar ɗansa, amma gogewar nan da bushewar nan su suka kashe haƙorin. Na daɗe ina jin zafin abin, domin da wani ya taɓa gaya masa, da ɗansa na da haƙorinsa yau.

A jikin saiwar haƙori akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rai, su ne ke sake manne shi da dasashi. Idan suka bushe mutuwa suke yi, kuma bayan awa ɗaya a bushe da wuya a samu masu rai. Saboda haka a ɗauki haƙorin ta kansa, wato farin da ake gani a baki, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa, a ɗauraye shi da madara ko ruwa mai tsabta na 'yan daƙiƙu, ba gogewa, ba sabulu. Sai a mayar da shi raminsa nan take, a fuskantar da shi yadda yake a da, yaron ya cije hankici mai tsabta. In an kasa mayarwa, a sa shi cikin madarar ruwa marar sukari a ƙaramin kofi. In babu madara, yaron ya tofa miyansa a kofin a sa haƙorin a ciki. Kada a jiƙa shi a ruwan famfo, kada a naɗe shi a takarda. Daga nan sai wurin likitan haƙori mafi kusa, ko asibitin koyarwa da ke Shika, ba tare da an biya gida ba.

Wannan duk ga haƙorin girma ne. Na ƙuruciya, wanda dama zai faɗi, ba a mayar da shi, domin yana iya lalata wanda ke tahowa a ƙarƙashinsa. Amma shi ma a kai yaron a duba.

Tambaya: Ƙwallo ta sami ɗana a goshi, ya zauna na ɗan lokaci, ya tashi ya ci gaba da wasa. Bai suma ba. Da dare ya ce kansa na ciwo, bai ci tuwo ba. Kocinsu ya ce ba komai tunda bai faɗi ba. (Wata uwa daga Samaru)

Amsa: Kocin bai yi daidai ba, ina faɗa da girmamawa. Ƙwaƙwalwa tana iya jijjiga a cikin ƙoƙon kai ba tare da mutum ya suma ba, kuma yawancin masu wannan rauni ba sa suma. Alamunsa su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ganin hazo-hazo, ƙin haske ko hayaniya, mantuwa, ko yaro ya riƙa maimaita tambaya ɗaya. Wani kuma sai uwa ta ga kawai ba yadda ta san ɗanta ba. Duk yaron da aka yi zargin haka a kansa, wasansa na ranar ya ƙare, ko da wasan ƙarshe ne na cin kofi. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ne abin tsoro, kuma ya fi haɗari ga yara a kan manya.

Ki kai shi asibiti a duba shi. Idan kuwa kika ga yana ta amai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, ko wani sashen jiki ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ruwa ko jini na fita ta hanci ko kunne, ko wuyansa na ciwo sosai, to ba a jiran gari ya waye.

In likita ya sallame ku, kwana ɗaya zuwa biyu ya huta a gida, a rage masa waya da talabijin. Farasitamol ya isa, kada a ba shi asfirin. Sai ya koma aji a hankali, karatu ne gaba da wasa. Bayan haka tafiya, ɗan gudu, atisaye shi kaɗai, kowane mataki sai in bai tayar da ciwon ba. Ni ba na sa hannu yaro ya koma gasa kafin mako uku, kuma sai ya yi mako biyu a jere ba wata alama. Zai yi fushi da ke, ki ce likita ne ya hana.

Tambaya: Ɗiyata na da asma, ga hunturu ya kusa. In cire ta? (Wani uba daga Kwangila)

Amsa: A'a, sai in asmar ba ta lafa ba. Ƙura da busasshiyar iska mai sanyi ta Disamba da Janairu suna tayar da ita, musamman da sassafe. Abin shaƙarta na salbutamol ya kasance a bakin fili, a hannun malami, ba a cikin jaka a aji ba. Likitanta na iya ce mata ta shaƙa minti 15 kafin wasa. Ta ɗumama jiki sosai kafin a fara, ranar da hazo ya rufe gari kuma ta zauna. In tana tarin dare ko tana buƙatar abin shaƙar fiye da sau biyu a mako, a koma asibiti a gyara maganin tukuna.

Tambaya: An ce ɗana AS ne. Ƙanensa kuma SS. Duka biyun suna son wasan. (Wata uwa daga Wusasa)

Amsa: Maman yara, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Mai AS ba mai ciwon sikila ba ne, ya yi wasansa. Sharaɗi kawai kada a tilasta masa gudun gajiyarwa cikin zafin Maris da Afrilu, ya sha ruwa, kuma in ya ji ƙafafunsa sun saki ko numfashi ya gagara ya tsaya nan take, kada a ce masa ragwanci ne. Kocin ya sani.

Mai SS kuwa, ƙishirwa, gajiya mai tsanani, zafi da sanyi duk suna iya tayar masa da ciwo. Wasu yaran kuma saifarsu ta kumbura, bugun ƙwallo a ciki na iya fasa ta. Ban ce a kulle shi a ɗaki ba, hakan ma cutarwa ne ga zuciyar yaro. Ya riƙe sanda, ya koyi sarrafa ƙwallo da yayansa a tsakar gida da yamma in rana ta yi sanyi. Amma shiga gasa sai da izinin likitan da ke ganinsa a asibitin masu sikila, wanda ya taɓa cikinsa ya san girman saifarsa.

Tambaya: Azumi fa? (Wani ɗalibi daga Kongo)

Amsa: Ɗana, ka roƙi a mayar da atisaye dab da magariba ko bayan buɗa-baki, kuma a sassauta shi. Ka sha ruwa sosai tsakanin shan ruwa da sahur. In fitsarinka ya yi ja kamar shayi, jikinka na neman ruwa, kada ka fita fili ranar.

Tambaya: Ƙwallo ta bugi yatsan jikana, ya kumbura ya ɗan karkace. Muna da mai ɗori a unguwa wanda ya gaji sana'ar, shi muke kai wa tun kakanni. Sai an je asibiti? (Wani dattijo daga Ƙofar Doka)

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara girma. Ban raina masu ɗori ba, na san jama'a da su suka dogara shekara da shekaru. Roƙona shi ne a ɗauki hoton ƙashin tukuna. Ƙashin yaro yana da wani wuri mai laushi kusa da gaɓa, daga nan yake ƙara tsawo, kuma nan ne ya fi saurin tsagewa. Hannu ba ya iya bambance wannan da targaɗe. In aka ja ko aka murza, yatsan na iya girma a karkace ko ya tsaya da girma, ga shi hannun da zai riƙe alƙalami ne. Na kuma ga yaran da aka ɗaure da kara aka matse har jini ya daina zuwa, yatsa ya yi baƙi.

Kafin ku isa asibiti, in akwai zobe a cire shi kafin kumburin ya ƙaru. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15, kada a sa ta kai tsaye a fata, kada kuma a gasa da ruwan zafi ko a shafa man zafi a kwana biyun farko. Ya ɗaga hannun sama da ƙirjinsa. In fatar ta yage, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ku tafi da katin rigakafinsa don a ga ko yana buƙatar allurar tetanos, domin filayenmu awaki da shanu na ratsawa. Idan ya warke ya koma wasa, a nema masa safar hannun hagu mai tauri a bayanta, wannan hannun ne ke kusantar ƙasa idan yaro ya kwantar da sanda zai tare ƙwallo.